Darasi: Kare mai tsoro da yawan tserewa daga gida

Ya kai ɗan'uwa manomi, ya kai makiyayi na ƙasar Yelu da kewaye! Darasinmu na wanga karo a kan kare ne. Wataƙila ka ce: ina ruwan ma'aikatan kiwo da kare, ga shanu, ga tumaki, ga awaki? To, ka yi haƙuri ka karanta, ko ka sa a karanta maka har ƙarshe. Kare shi ke gadin garke da dare, shi ke korar dila daga ƴan raguna, shi ke tsaron rumbu da garka. Malamanmu ma sun yarda a aje shi don kiwo da gadin gona da farauta, in dai za a ba shi haƙƙinsa na ci da sha. Amma akwai wani irin kare da ke ba mai shi wahala: mai tsoro, mai firgita, wanda ko an ɗaure shi sai ya tsinke igiya, ko an rufe shi sai ya haƙa ƙarƙashin darni ya fice. Shi za mu duba yau: mi ke sa shi haka, wace ɓarna ke cikin yawonsa, kuma ƙaƙa za ka yi da shi har ya natsu.

1. YAWON KARE BA ƘARAMIN ABU BA NE

Na farko, ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 100 da sunka kamu, har 99 daga kare sunka samo shi, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon sun bayyana ga mutum ko ga bisa, babu sauran magani. Karen da ke kwana waje yana faɗa da baƙin karnuka, shi ke ɗauko ciwon ya kawo shi tsakar gida. Mu kuwa nan bakin iyaka muke: Najeriya ga ta nan gabas da mu, Benin tana tsallaken gulbin Kwara. Kare bai san iyaka ba, ba ya tsayawa duwan.

Na biyu, tsutsa. Kare mai yawo yana cin mushe da kayan cikin da anka zubar bayan yanka. In ya ci kan tunkiya mai ciwo, tsutsa ta girma cikin hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashi ya watsu bisa ciyawa. Tunkiyar da ta ci wagga ciyawa, wata jaka mai ruwa takan fito mata cikin ƙwaƙwalwa, sai ka ga tana juyi wuri ɗaya har ta mutu. Akwai wata tsutsar kuma mai yin irin wagga jaka cikin hanta da huhu, ga bisashe har da mutane.

Na uku, rigima. Kare ya kama kazar maƙwabci ko ɗan akuya, magana ta kai gun maigari, a ce ka biya. Wani ma ba ya kai ƙara, guba zai aje. Na huɗu, babbar hanyar Doso zuwa Gaya: manyan motoci ba su ratse wa kare.

2. YADDA ZA KA GANE KARE MAI TSORO

Kare ba ya magana, amma jikinsa yana faɗi. Duba waɗannan alamu:

- yana cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa kwance baya;
- yana kau da kai, yana kallonka ta gefen ido har farin idon ya fito;
- yana lasar baki da hamma alhali ba yunwa ba barci;
- yana haki ko makyarkyata ko da babu zafi babu sanyi;
- in ka fita sai kuka, da tauna igiya, da haƙa bakin ƙofa;
- wani har fitsari ke zubo masa in an matso shi.

Ka kiyaye: kare mai tsoro yana cizo. In ya rasa hanyar gudu, haƙori shi ke rage masa. In ya yi gurnani, gargaɗi ne yake maka, ka ja baya. Wanda ya doki kare don ya yi gurnani, ya koya masa cizo ba gargaɗi.

Kada kuma ka haɗa tsoro da hauka. Mai tsoro halinsa ne tun da daɗewa, kuma yana ci yana sha. Mai hauka halinsa kan sauya farat ɗaya: mai faɗa ya koma lumui, mai sanyi ya koma faɗa. Muryarsa ta sake, yawu na dalala, haɓa ta saki, yana cizon icce da dutse, daga baya ƙafafun baya su mutu. Galibi ba ya wuce kwana 10 bayan alamun sun fito. In ka ga haka, babu zancen horo. A rufe shi, a nisanta yara, a kira ma'aikacin kiwo. Kada kowa ya sa hannu cikin bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale.

3. MI KE SA KARE TSEREWA?

Kafin ka nemi magani, nemi dalili. Ka lura kwana 7: wane lokaci yake fita, ta ina, mi ya faru kafin ya fita, ina yake zuwa?

a) Yunwa da ƙishirwa. Karen da ba a ba shi komi sai abin da ya tsinta, dole ya bi juji da mahauta. In ranar kasuwar Malgoru ko ta wani gari yake ɓacewa, ka san cikinsa ne ya kai shi.

b) Neman mace. Daga wata 6 zuwa 12 kare yake balaga. Karya takan nemi namiji sau 1 ko 2 a shekara, kowane karo sati 2 zuwa 3, kuma namiji yana jin warinta daga nesa.

c) Ƙara. Kunnen kare ya fi namu ji ƙwarai. Tsawa, harbin bindiga, ƙarar babur, duk suna firgita shi. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Ke nan karenka na da wata 5 ko 6 na hadari a gabansa kowace shekara.

d) Kaɗaici. Kare dabbar taro ce. Wani in an tafi gona an bar shi shi ɗaya, hankalinsa kan tashi, sai ya fasa ya bi sawun mai shi.

e) Duka da jifa. Gidan da yara ke jifarsa, manya na harbinsa da ƙafa, ba gida ba ne gare shi.

f) Ƙuruciyar da ta ɓaci. Tsakanin sati 3 da sati 12 na haihuwa ne kwikwiyo ke koyon abin da zai saba da shi. Wanda anka raba da uwa tun bai kai sati 8 ba, ko ya tashi a ɓoye bai ga mutane da bisashe ba, yakan girma da tsoro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma babban kare ma yana gyaruwa, sai dai ya fi cin lokaci.

4. FARA DA GYARAN WURIN ZAMANSA

Horo ba ya kamawa muddin kare na samun hanyar fita, don duk fitar da ya yi ƙara masa sabo take.

Abinci. Ba shi sau 2 a yini, safe da marece, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Tuwo, ƙanzo, dussa da anka dafa, ɗan nono, dafaffen wake, ragowar nama ko kifi dafaffe. Tuwo tsura ba ya riƙe kare. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. Albasa mai yawa tana ɓata masa jini. Ruwa kuwa kada ya yanke a kaskonsa. Kare mai kilo 15 yana shan wajen lita 1 a yini, da bazara fiye da haka.

Shinge. Keɓe masa wuri mai inuwa, kamar mita 3 bisa mita 4, inda yake hango mutanen gida. Tsawon shingen ya kai mita 2. Zana ita kaɗai ba ta tare kare, sai an kafa itace kusa-kusa an ɗaure tamau. In mai haƙa ne, tona rami mai zurfin kamu 2 bin gindin shingen, ka cika da duwatsu ko fasassun tubali. In mai tsalle ne, kau da turmi da tulu da tarin icce daga jikin shingen, su ne matakalarsa. Ka tuna giginyar Dallol Mauri ba a sara ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, don haka nemi itacen da doka ta yarda.

Maɓoya. Cikin wurin, yi masa ɗan ɗaki mai duhu, rufaffe ta gefe 3, da tsohon buhu a ƙasa. In ya shiga nan, kada kowa ya jawo shi, ko yaro ko babba.

Ɗauri. In dole sai an ɗaure, kada a yi zarge a wuya, yana shaƙe kare har lahira in ya firgita. Sa masa abin wuya na fata mai faɗi, wanda yatsunka 2 ke shiga tsakaninsa da wuya. Ja waya mai ƙarfi tsakanin turke 2 masu nisan mita 8 ko 10, ka zura zobe, ka ɗaura sarƙarsa ga zoben, don ya samu kai da kawowa. Nisanta shi da shinge, kada ya tsallaka ya rataye. Kuma ɗauri ba na yini da kwana ba ne. Karen da ke turke kullum tsoronsa ƙaruwa yake, ya koma mai cizo. Fita da shi safe da marece, ko zuwa gona, ko rakiyar garke, yana cikin igiya.

5. HORO

Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904, ya nuna cewa in kare ya saba jin wata ƙara kafin a ba shi abinci, ƙarar kaɗai takan sa yawunsa ya zubo. Ma'ana, kare yana haɗa abu biyu da sunka zo tare. Duk horon da za mu faɗa a kan wanga tushe yake: abin da yake tsoro, a haɗa masa shi da abin da yake so.

Ƙa'idodi 4:
- Mutum ɗaya ya riƙe horon da farko, kuma duk gida a yi amfani da kalma iri ɗaya.
- Minti 5, sau 2 ko 3 a yini, kafin cin abinci.
- Lada nan take. In ya yi daidai, kafin ka ƙirga 2 ɗan guntun ƙuli-ƙuli ko busasshen nama ya shiga bakinsa. In ka jinkirta, bai san ladan mi ba ne.
- Babu sanda, babu tsawa.

Darasi na 1: yarda. Zauna ƙasa nesa kaɗan da shi, ka ba shi gefe, kada ka zura masa ido. Jefa masa abinci kusa da shi, gobe ka rage nisa, jibi ka ƙara ragewa, har ya ci a hannunka. Bari shi ya zo, kada kai ka bi shi. Wani kwana 3 ya isa, wani sai wata guda.

Darasi na 2: kira. Wanga shi ne mai ceton ransa. Cikin gida, kira sunansa ka ce "zo", sau ɗaya tak. Ya zo, ba shi lada, ka shafa ƙirjinsa, ka sake shi ya koma wasansa. In ya iya a gida, fita da shi fili da igiya mai mita 10. In ya iya a fili, gwada kusa da bisashe, sa'an nan kusa da mutane. Kada ka kwance igiyar sai yana amsa kira sau 9 cikin 10. Kuma kada kiranka ya zama kullum na ɗauri ne, in ba haka ba zai gane "zo" na nufin turke.

Darasi na 3: zama shi kaɗai. Sa shi wurinsa, ba shi babban ɗanyen ƙashin ƙafar sa ya yi ta gwagwiya. Fita, ƙirga 10, ka komo tun bai fara kuka ba. Maimaita. Sannu-sannu kai minti 1, minti 5, minti 15, rabin awa. In ya yi kuka, ka yi sauri ke nan, koma matakin baya. Wajen fita da wajen komowa kada ka yi masa doguwar sallama. Bar masa tsohuwar rigarka, warinka na kwantar masa da hankali. Kafin ya ƙware, in za a daɗe a gona, a tafi da shi ko a bar shi da wani na gida.

Darasi na 4: ƙara. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka fara tun da rani, watan Fabrairu ko Maris. Sa yaro ya tsaya nesa ya buga tasa a hankali lokacin da karen ke cin abinci. In ya ci gaba da ci, gobe a matso taki 2. In ya bar ci, an yi kusa da yawa, a koma baya. Mai salula yana iya ɗaukar ƙarar tsawa ya riƙa sa masa ƙasa-ƙasa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In damina ta faɗi, da ka ga hadari ya haɗo gabas, shigar da shi maɓoyarsa tun iska ba ta taso ba. Kada a bar shi ɗaure a fili. In ya raɓe ka, bar shi, lallashi ba ya ƙara tsoro.

Darasi na 5: bisashe da baƙi. Riƙe shi da igiya nesa da garke, inda yake kallo bai tashi hankali ba, ka ba shi lada. Kullum a matsa kaɗan. Baƙo kuwa ka roƙe shi kada ya kalle shi, kada ya miƙa hannu, ya jefa masa abinci ya wuce. Yara a koya musu abu 3: ba a taɓa kare yana ci, ba a taɓa shi yana barci, ba a taɓa karya mai shayarwa.

6. IN YA TSERE FA?

Kada ka bi shi da gudu, ba ka cim masa, kuma kora ce a ganinsa. Durƙusa ka kira shi da murya mai daɗi, ko ka juya ka nufi gida kana kaɗa kwanon abincinsa. Bar ƙofa buɗe, aje ruwa da rigarka a bakinta. Sanar da maigari da maƙwabta. Ɗaura masa ƙyalle mai launi a abin wuya tun yau, don a san yana da mai shi.

In ya komo, ko ranka ya ɓaci ƙwarai, kada ka doke shi. Kai kana dukan tafiya, shi kuwa ya ɗauka dukan komowa ne, gobe sai ya ƙara daɗewa. Ba shi ruwa da abinci, ka je ka toshe inda ya bi.

Sa'an nan duba jikinsa. In da raunin cizo, kada ka taɓa da hannu tsirara. Rufe shi shi kaɗai, ka gaya wa ma'aikacin kiwo ran nan. In yana da allura, za a ƙara masa wata. In ba shi da ita, ma'aikacin ne zai faɗi abin yi, don ciwon yana iya ɓoyewa cikin jikin kare daga sati 2 har wata 6.

7. AIKIN LIKITAN DABBOBI

Allurar hauka: tun yana wata 3, kuma a sabunta kowace shekara. Aje takardar wuri mai kyau. Masana sun tabbatar in anka yi wa kare 70 cikin 100 na gari allura, ciwon yakan yanke. An gwada a Njamena ta ƙasar Cadi a 2012 da 2013, ciwon ya faɗi ƙasa warwas, sai daga baya karnukan waje sunka sake shigo da shi. Darasi ke nan gare mu mazauna iyaka: allurar shekara ɗaya ba ta isa. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya tun 2007, ranar da Louis Pasteur ya rasu, wanda ya fara yi wa mutum wagga allura a Faransa a 1885.

Maganin tsutsa: duk wata 3, bisa ga nauyin karen. Kan tunkiya mai juyi, da hanta ko huhu mai jakar ruwa, a ƙone ko a binne da zurfi. Masunta kuma su binne kayan cikin kifi. Nijar ta samu shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, amma a Cadi an ga kurkunu ga karnuka tun 2012, har fiye da 1,000 a shekarar 2016, galibi a garuruwan masunta.

Fiɗiya: tana rage yawon neman mace ga karnuka da yawa, amma ba ta maganin tsoro. Aikin likita ne, ba a yi wa kare dandaƙa irin ta sa. Karya kuwa a tsare ta sati 3 in tana neman namiji.

Kada ka ba kare tramol, ko maganin barci, ko na ciwon kai na mutane wai don ya natsu. Suna iya kashe shi.

8. IN YA CIJI MUTUM

- Wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabuni, minti 15 cur. Ko yaƙushi ne a wanke.
- Kada a sa barkono, ko toka, ko gashin karen. Kada a ɗaure tamau.
- A kai mutumin gidan likita ran nan, kada a jira a ga abin da zai faru. In an fara allura, a cika ta duka.
- Kada a kashe karen, kada a sayar, kada a kore shi. A tsare shi kwana 15 ana ba shi ci da sha, ma'aikacin kiwo na duba shi.
- In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a fasa kan, kada a feɗe. Ma'aikatan kiwo su ke da hanyar aika shi LABOCEL, ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Yamai.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A DANDALI

1. Kare nawa ke garinku, kuma nawa ke da takardar allura?
2. Mi ya bambanta kare mai tsoro da mahaukacin kare?
3. Don mi ba a dukan karen da ya komo gida?
4. Ina ake zubar da kayan ciki ranar kasuwa da ranar Layya?

Ɗan'uwa, wanga aiki na haƙuri ne. Wani kare sati 4 ya natsu, wani sai wata 6, wani kuma har ya tsufa ba a sakinsa ranar hadari, amma yana gadinsa lafiya lau. Fara da ciyarwa da shinge cikin satin nan, kira ya biyo baya. Ku kuma haɗa kai da maigari ku ƙirga karnukan gari, ku kai lissafin ga ma'aikacin kiwo na kusa da ku don a sa ranar allura. Allah ya tsare mu, ya tsare ɗiyanmu da dukiyarmu, amin.